Koma Baya da Aya Biyar

A wani ƙauye na ƙasar Malumfashi, cikin yankin nan da masara ke yin kyau, akwai majami'ar da ta girmi yawancin masu zama a bencinanta. Ginin farko na jar ƙasa ne da jinka. Yanzu bulo ne da rufin kwano, kuma rabin kwanon mutum ɗaya ya saya. Shi ne ma'ajin ikkilisiya, Baba Ma'aji kowa yake ce masa, har waɗanda suka girme shi.

A ba shi hakkinsa tun da fari. Ba ya sha, matarsa ɗaya, addu'ar asuba ba ta wuce shi. Shekara da shekaru kuɗin baiko na hannunsa, ba a taɓa neman kwabo aka rasa ba. Idan ya yi girbi, buhu na goma na Ubangiji ne, yakan sa a ɗora shi a amalanke a kai majami'a kafin ya kai ko kwano ɗaya kasuwa. Ga shi da haddar ayoyi. Duk shekara idan Lahadin godiyar kaka ta matso, shi ake ba wa bagade ya yi gargaɗi, shi kuwa kullum wuri ɗaya yake buɗewa: Malakai sura 3, daga aya 8 zuwa 10, inda ake tuhumar jama'a da hana wa Allah zakka da baiko. Ba ya ko duban takardar. Yara sun haddace ayoyin daga bakinsa, har da inda yake ɗaga murya.

Daminar 2023 ta zo wa mutane da wuya. A ƙarshen watan Mayu aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, taki da maganin feshi suka bi shi. Kafin Agusta rumbuna da yawa sun yi ƙasa, gonaki kuma ba su nuna ba. Wanda yake da tsohuwar masara a ɗaki, shi ne sarki. Baba Ma'aji yana da ita, kuma bai rufe ƙofa ba. Duk wanda ya zo yana ba shi, buhu ɗaya yanzu, biyu da kaka. In aka ce masa wannan ai ruwa ne, sai ya ce a auna farashin Agusta da na Nuwamba tukuna, shi ma da ya kai Dandume ko Bakori da ya sami kuɗinsa a dunƙule. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, shi ya sa ta yi wuyar turewa.

Sai batun 'yan ƙwadago. Samarin ƙauyen, na majami'a da na masallaci, su suka yi masa noman fari da maimai da huɗa. Ran da suka gama sai ya ce su bari sai ranar kasuwa. Ranar kasuwa ya ce mai POS ba shi da tsabar kuɗi. Wani mako sabis ne ba kyau. Daga baya ya fito fili ya ce sai ya sayar da sabuwar masara, shi kuma ba ya sayarwa sai ta yi daraja. Bai taɓa cewa ba zai biya ba, kuma kowa ya san zai biya. Amma yaron da ya yi huɗa a Yuli don ya sayi takalmi da littattafan komawa makaranta, Oktoba ta same shi yana zarya a ƙofar zaure.

Akwai kuma gwauruwa. Mijinta shi ke kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa. Ciwo ya kwantar da shi wata da watanni, aka yi ta kai shi asibiti a Funtuwa har abin hannu ya ƙare, sai matar ta jinginar wa Baba Ma'aji da gonarsu ta bakin rafi. Mijin ya rasu duk da haka. Damina biyu ke nan yana noma gonar yana kwashe amfanin, bashin kuma yana nan yadda yake, ko naira bai ragu ba, domin haka al'adar jingina take. Ita da 'ya'yanta huɗu suka koma kala a gonakin mutane. Gonarsa kam babu kala a cikinta: ran da aka kwashe amfani, ran nan yake sayar wa makiyaya da kara da harawa, kafin gari ya waye shanu sun share wurin.

Kowa ya sani, babu mai faɗa. Faston yaro ne, bai daɗe da fitowa makarantar Littafi Mai Tsarki ba, kuma ɗan abin da ake ba shi a wata ta hannun ma'aji yake bi. Matan zumunta suna yin maganar a bakin rijiya, in ya doso sai a koma gaisuwa.

Saura kwana uku godiyar kaka, ranar Alhamis da la'asar, sai ga Iya ta nufo gidansa tana dogara sanda, jikarta na riƙe da hannunta, ɗayan hannun yarinyar kuma ɗauke da wani abu a naɗe cikin tsohon zane. Iya matar marigayi Malam ce, mai bisharar da ya fara tara mutane a ƙarƙashin tsamiya a ƙauyen, wanda ya koya wa rabin dattawan yanzu baƙi da wasali. Yanar ido ta rufe mata gani, inuwa kawai take gani. Ta same shi a zaure yana rubuta lamba a jikin buhuna da alli.

Ya yi wuf ya tashi, ya shimfiɗa mata tabarma. "Haba Iya, ai da kin aiko da na zo."

"Mai nema shi ke tafiya, ɗana. Sannu da aiki. Ina iyali? Yaya kaka?"

"Mun gode Allah, Iya."

Ta sa yarinyar ta warware zanen. Littafi Mai Tsarki na Malam ne, tsohuwar fassarar nan ta 1932 wadda Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi wa hidima. Bangon ya ɓare an ɗinke shi da zaren buhu, gefen takardun ya yi baƙi saboda yatsu. Tsinkayen tsintsiya sun leƙo daga saman littafin nan da can.

"Idona ya tafi," in ji ta. "Jikokina kuma sun saba da sabuwar fassara, da ta waya, wannan tsohon harshen yana sarƙe musu. Kai kuwa a kan wannan littafin Malam ya koya maka. Ina kewar muryarsa. Ka karanta mini inda ya sa tsinke."

Abin ya yi masa daɗi. Ya goge alli a jikin rigarsa, ya sa tabarau, ya buɗe tsinken farko. Littafin Firistoci sura 19. Ya karanta aya 9 da 10, inda aka hana mai gona girbe ta har gefe, aka hana shi komawa tsintar abin da ya zube, domin rabon matalauci ne da baƙo.

Iya ta yi dariya ƙasa-ƙasa. "Wannan ayar ta sha haɗa ni faɗa da Malam. Duk shekara sai ya bar kunya biyu ta gyaɗa a gefen gona, ya ce ba tamu ba ce. Ni kuwa rowa gare ni a lokacin, ina kallon kunyoyin nan zuciyata na tafasa. Shekarar babban fari, 1973, na ce masa bana kam sai dai Allah ya yi haƙuri, mu ma ba mu samu ba. Ya ce ayar ba ta ce sai shekarar da aka samu ba. Mata suka gangaro daga arewa da goyo, ba mu san harshen wasunsu ba, suka wuni a kunyoyin nan suna tono da yatsu. Da na ga wata tana ɓare gyaɗa ɗanya tana tauna wa ɗanta, sai na shiga ɗaki na yi kuka. Ci gaba, ɗana, akwai layin fensir a ƙasa."

Akwai shi, a aya 13, wadda ta ce kada ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannun mai aiki. Ya karanta ta da sauri ya juya.

Tsinke na biyu yana cikin Kubawar Shari'a, wadda sabuwar fassara ke kira Maimaitawar Shari'a, sura 24. A nan fensirin Malam ya yi aiki sosai. Kada a karɓi dutsen niƙa jingina, domin da shi gida ke ci. In ka karɓi mayafin matalauci, ka mayar masa kafin faɗuwar rana ya sami abin rufa. Ka biya ma'aikaci a ranar da ya yi aikin, ko ɗan'uwanka ne ko baƙo, domin ya sa rai a kai. Kada a riƙe tufar gwauruwa jingina. In ka manta dami a gona, kada ka koma ɗaukowa.

"Ka tuna da daren fitila?" Iya ta tambaya. "A'a, kana yaro lokacin. Wani Bamaguje daga unguwar hayi ya yi mana huɗa, kafin Malam ya dawo daga jana'iza mutumin ya gaji da jira ya tafi. Sule biyu ne kuɗin, lokacin naira ba ta zo ba. Mun ci tuwo, mun yi addu'a, har mun kwanta, sai na ji Malam yana laluben ashana. Na ce ina za ka da daren nan, rafi ya kawo? Ya ce akwai kuɗin wani a aljihunsa, ba zai iya barci a kansu ba. Na ce gobe ma rana ce. Ya ce watakila matar mutumin tana jiran kuɗin nan ne ta ɗora tukunya. Ya dawo da tsakar dare, wandonsa jiƙe har ƙugu. Bayan shekara uku mutumin nan ya zo da ƙafarsa ya zauna ƙarƙashin tsamiya. Malam bai taɓa yi masa wa'azi ba."

Baba Ma'aji ya ce, "Malam mutumin Allah ne."

"Mutum ne kamar kowa, yana da zafin rai. Amma in ya karanta abu, kansa yake fara aunawa da shi. Buɗe na gaba."

Nehemiya sura 5. Lokacin da ake sake gina garun Urushalima, yunwa ta sa talakawa sun jinginar da gonakinsu da gidajensu don su sami hatsi, wasu sun ci bashi don biyan harajin sarki, har 'ya'yansu sun shiga bauta, kuma a hannun 'yan'uwansu Yahudawa. Muryarsa ta fara sauka. Ya tsaya yana gyara tabarau.

"Tsufa ya cinye mini ƙarshen labarin," in ji Iya. "Me Nehemiya ya yi ne?"

"Ya tara jama'a, ya tsawata wa manya."

"Sai kuma me?"

"Ya ce shi ma da 'yan'uwansa sun ba da rance. Ya ce a bar karɓar ruwa, a mayar wa mutane da gonakinsu."

"Bayan kaka?"

Ya yi shiru kaɗan. "A ranar."

"Ikon Allah. Ga shi kuwa aikin Allah suke yi, garu suke ginawa. Buɗe na gaba, ɗana, rana tana faɗuwa."

Da ya ga inda tsinken ya faɗa sai ya yi ajiyar zuciya. Malakai sura 3. Ya ɗaga kai, ya gyara murya, ya kama daga aya 8 ba tare da duban littafin ba, yana zubo ta yadda ya saba har ya kai ta 10.

Iya ta bari ya gama. "Madalla. Wannan kam babu wanda ya kai ka. Amma ba ita Malam ya ja wa layi ba. Ɗora yatsanka a kan ta goman, ka koma baya da aya biyar."

Ya koma. Aya 5 ce, inda Ubangiji ya ce zai matso don shari'a, ya yi gaggawar ba da shaida a kan masu sihiri, da mazinata, da masu rantsuwar ƙarya, da masu danne ladan ɗan ƙwadago, da masu zaluntar gwauruwa da maraya, da masu tauye baƙo. Shafi ɗaya take da ayarsa, tazararsu ba ta kai faɗin tafin hannu ba. Shekaru yana buɗe shafin nan.

Bari in tsaya a nan kaɗan, domin wannan jerin yana damuna. Annabin ya sa mai riƙe kuɗin ƙwadago a layi ɗaya da mazinaci da mai sihiri. A majami'unmu kuwa, yarinyar da ta yi ciki ba aure ana sanar da horonta a gaban jama'a, ta koma bencin baya, a hana ta Jibin Ubangiji. Wanda aka gani a gidan boka dattawa suna kiransa. Ban ce a daina horo ba, Littafin bai ce haka ba. Amma yaushe aka taɓa kiran mai gona saboda kuɗin maimai, ko mai gini saboda kuɗin lebura, ko uwargida saboda albashin 'yar aikinta da ya shiga wata na uku? Yakubu ma a wasiƙarsa, sura 5, ya ce ladan masu girbin da aka danne yana kuka, kuma kukan ya kai kunnen Ubangiji. Ayoyin da suke tuhumar marasa ƙarfi mun mai da su dokar ikkilisiya, waɗanda suke tuhumar masu hali kuwa mun bar wa kowa da zuciyarsa.

Baba Ma'aji ya rufe littafin. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. "Iya, wa ya aiko ki?"

"Wa zai aiki makauniya? Karatu na zo ji."

"Mutane suna magana ba su san komai ba. Sun san nawa na sayi buhun kamfa bana? Sun san kuɗin feshi? Da ban ba da masarar nan ba a Agusta, da gidaje nawa suka kwana da yunwa? Gonar bakin rafi kuma ba ƙwace na yi ba, kawo mini aka yi ana kuka, na ƙirga kuɗi na bayar lokacin da dangin mijin suka ɓuya. Kwanon majami'ar nan..."

"Kai ka saya, ba mu manta ba. Duk gaskiyarka ce, ɗana. Ni ban zo da maganar gona ba, ban zo da maganar kowa ba." Ta laluba sandarta. "Littafin nan ya yi wa yarinyar nauyi, ka riƙe mini shi. Akwai sauran tsinke ɗaya a Luka sura 19, labarin gajeren attajirin nan na Yariko da ya hau itace. Wannan ba sai ka karanta mini ba, na san shi. Malam yakan ce abin da yake so a labarin shi ne Yesu ya fara shiga gidan mutumin ya zauna, sannan mutumin ya tashi da kansa ya yi lissafi. Allah ya ba mu alheri."

Ya raka ta har bakin hanya, bai ce komai ba.

Wasu za su ce da Iya ta fito masa a mutum, me ya kawo kewaye-kewaye? Annabi Natan ma da ya je wurin Dawuda a kan matar Uriya, da labarin 'yar tunkiyar matalauci ya fara, har sarki ya yanke hukunci da bakinsa kafin ya gane a kan wa ya yanke. Mutum irin Baba Ma'aji yana da amsar kowace tuhuma, ya sha maimaita ta a zuciyarsa. Abin da bai shirya wa ba shi ne ya ji muryarsa tana karanta abin da yake tsallakewa, a gaban matar da ta san shi tun yana yawo ba wando, kuma ta bar masa ƙofar fita da mutuncinsa.

Washegari Juma'a ya ɗora buhu uku a bayan babur ɗin ɗansa, aka sayar a farashin da yake ta gudu. Da magariba aka gan shi yana bin gidaje da takarda a hannu, yana sallama yana kiran samari ɗaya bayan ɗaya. A gidan wani maƙwabcinsa Musulmi, uban yaron ya karɓe shi a zaure, ya ce, "Allah ya saka, Baba Ma'aji. Mu ma an hore mu da biyan ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba, amma duk muna sakaci." Ya ce ya gode, ya roƙi yaron gafara a gaban ubansa.

Ranar Lahadi aka cika gaban bagade da masara da dawa da kabewa da kaji a ɗaure. Da aka kira shi ya hau da tsohon littafin Malam, ya buɗe Malakai sura 3, ya fara daga aya 5 ya karanta har ta 10, a hankali, idonsa a kan takarda. Bai yi gargaɗi ba, ya sauka ya zauna.

Gonar bakin rafi ba ta koma a ranar ba. Manyan 'ya'yansa suka tayar da ƙura, suka ce taki buhu nawa aka zuba mata, kuma in aka fara haka duk wanda ya jinginar da abu zai zo da kuka. Sai da dattawa suka zauna sau biyu kafin aka daidaita: a lissafa amfanin damina biyun da ya kwashe a madadin bashin, gwauruwar ta karɓi gonarta kafin ruwan shuka. Batun buhu biyu kuwa, ya yafe wa gidaje kaɗan da ya san ba su da shi, sauran ya rage musu zuwa buhu da rabi, ya ce iyakar abin da zai iya ke nan a bana. Kara da harawa ya riga ya karɓi kuɗin makiyaya, sai dai ya roƙe su su ba mata kwana biyu kafin su saki shanu.

A zama na biyun ne faston ya yi ƙarfin hali ya kawo shawara, ya ce ko za a rubuta a littafin ikkilisiya cewa duk wanda ya riƙe kuɗin ɗan ƙwadago fiye da mako, dattawa za su kira shi kamar yadda ake kiran sauran masu laifi. Baba Ma'aji ne ya fara ɗaga hannu. Aka ɗage maganar zuwa zama na gaba, domin uku daga cikin dattawa bakwai da ke wurin akwai samarin da ke bin su kuɗin huɗa.